Ƙafafun da Ba Su Sauka Ba

Ranar Talata, mako na biyar da komawa karatu, aka daina fitar da motar layi na tara a ranakun gida, kuma sa hannuna ne a ƙasan takardar. Ba wanda ya tilasta mini. Da biro mai kyau ma na sa, wanda nake ajiyewa a aljihun gaba don takardun da nake alfahari da su.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina tsara jadawalin motocin ɗalibai a kwaleji. Direbobi na kirana Baba Jadawali a gabana. Abin da suke kirana a bayana ban taɓa bincika ba, don na san zan samu. Ofishina ƙaramin ɗaki ne a bayan gareji, da taga ɗaya mai kallon famfon wanke motoci, da kabad ɗin da na cika da littattafan da ba ruwansu da aiki. Na yi karatu da yawa a rayuwata, akasari tsakanin motar ƙarfe goma da ta sha biyu, kuma babban abin da karatun ya ƙara mini shi ne iya raina mutane da kalmomi masu tsafta.

Bari in faɗi abin da ake nufi da ranakun gida. Tun bayan shekarar da annoba ta rufe makarantu, manyan kwalejinmu suka gano wani ilimi da ba ya cikin kowane littafi: ɗalibin da ke zaune a gidan ubansa ba ya shan wutar makaranta, ba ya kuma ƙarar da ruwan bayi. Sai suka raba mako gida biyu. Litinin, Laraba da Juma'a ranakun aji ne. Talata da Alhamis ranakun gida: malami ya zauna gaban kwamfuta ya yi ta magana, ɗalibai su saurara ta waya daga duk inda suke. A ranakun nan ana kulle azuzuwa, ana kulle ɗakin karatu, masu gadi kuma suna mayar da duk ɗalibin da ya zo ƙofa ba tare da takardar izini ba. Suka raɗa wa abin suna "karatu mai sassauci". Sassaucin dai bai kai ga kiran suna ba. A kowace lacca sai an kira sunaye, wani malamin a farko, wani a tsakiya don ya kama masu barci. Wanda halartarsa ta gaza kashi saba'in da biyar cikin ɗari ba zai zauna jarrabawa ba.

'Yata, Auta, tana shekarar ƙarshe a sashen gwajin jini. Ita kaɗai ta rage mini a gida. Yayyenta maza biyu sun yi nisa, sai gaisuwa ta waya. Uwarta ta rasu shekara huɗu kafin wannan labari. Gidanmu yana bayan tudu, cikin kwarin da layi na tara ke bi, inda sabis ɗin waya yake kamar baƙon da ba ya son masu gida: ya leƙo, ya juya. A falonmu sanda ɗaya ce ke fitowa a waya, ita ma sai ka tsaya kusa da firji ka ɗaga hannu kamar mai shan rantsuwa.

Akwai ɗaki ɗaya a sama, inda marigayiya take ɗinki. Kekenta na ciki, da yadin da ta yanka ba ta haɗa ba, da tabaranta a bakin taga. Na kulle shi ranar da muka dawo daga asibiti ba tare da ita ba, na saka makullin a zoben makullan ofis. Sau ɗaya Auta ta taɓa roƙona.

"Baba, da za ka ba ni makullin sama, Talata da Alhamis kawai. Ina jin za a samu sabis a can. Umma can take hawa in za ta amsa waya."

"Ɗakin uwarki ba shagon cajin waya ba ne," na ce.

Jimlar ta yi mini daɗi a lokacin. Ta fito daidai, ba ƙari ba ragi. Auta ba ta sake tayar da maganar ba, ni kuma na ɗauka ta samu dabara a gefen firji. Ina fita shida da rabi, in dawo bayan biyar, in tarar da ita tana wanke-wanke ko tana bita. Mutumin da ya san inda motoci goma sha huɗu suke a kowane minti na yini bai ga dalilin tambayar inda 'yarsa take wuni ba.

A farkon zangon karatun aka kawo mana ƙwararre daga wani kamfani. Mutum ne mai takalmi mai tsini, wanda ko ina kwana ba ya iya cewa sai ya haska wani abu a bango, shi ya sa direbobi suka sa masa Mai Majigi. Ya tara mu a ɗakin taro ya nuna mana zane-zane masu launi. Ya ce injin da ɗalibai ke goga kati a ƙofar kwaleji ya nuna cewa a ranakun gida kusan ba wanda ke zuwa. Ya ce motar layi na tara iska take yawo da ita. Kalmar "bayanai" ya faɗe ta sau ashirin da uku. Na ƙirga, don ba ni da abin yi.

"Injin ƙofa bai taɓa hawa mota ba," na ce. "Ba a soke layi daga kan kujera."

Daraktan sufuri, mutumin da ba abin da ya fi tsoro kamar mutum biyu su yi musu a gabansa, ya ce, "To, Baba, ka je ka duba mana da idonka. Gani ya kori ji."

Abin da nake so ke nan. Niyyata in dawo da takarda mai cike da lambobi in shimfiɗa ta a kan zanen Mai Majigi, in ga yadda takalmin nan mai tsini zai nemi ƙofa.

Wanda ya koya mini aikin nan, wani tsoho mai tari da ya rasu tun kafin a haifi Mai Majigi, ya bar mini ƙa'ida ɗaya: kada ka ƙirga kai, ƙirga ƙafa. Kai yana motsi, yana leƙowa ta taga, ya sa ka ƙirga mutum ɗaya sau biyu. Amma ƙafar da ta taka ƙasa a tashar ƙarshe ba ta ƙarya. Fasinja shi ne wanda ya sauka. A kan wannan ƙa'idar na rubuta doka ta shida a littafin direbobi, da hannuna: a tashar ƙarshe kowa ya sauka, direban da ya zaga da fasinja kuma a dakatar da shi.

Saboda haka na ɗauki kujerar roba da allon rubutu, na zauna a ƙarƙashin bishiyar da ke ƙofar kwaleji, daidai inda ƙofar mota ke buɗewa. Talata biyu, Alhamis biyu. Motar ta zo, ƙofa ta buɗe, in kalli matattakala. Mata biyu masu shara. Wani mai gyaran famfo da jakarsa. Wani zuwan ma ba kowa. Na lura labulen tagogi duk a jaye suke da rana tsaka, na rubuta a gefen takarda: "Labule a rufe. Lalaci. A yi wa direba magana."

Direban layin shi ne Kunkuru. Ni na sa masa sunan, don tun da aka fara ranakun gida bai taɓa isowa kan lokaci ba a Talata ko Alhamis. Takardar gargaɗi uku na ba shi.

"Kunkuru, minti goma sha huɗu."

"Cunkoso ne, Baba."

"A kan tudu? Awaki ne suka fito zanga-zanga?"

"Motar ce ba ta son hawa. Tsufa ya kama ta. Kai ma ai ka san yadda abin yake."

"Bakinka ne dai bai tsufa ba."

Ya yi dariyar da ba ta kai ido ba, ya rufe ƙofa da sauri, ya ja. Ko inji bai kashe ba. Na ɗauka tsorona yake ji, kuma hakan bai ɓata mini rai ba.

Da na haɗa lissafin kwana huɗun, ya yi daidai da zanen Mai Majigi kamar tare muka kwana. Na shiga ofishin Darakta na ajiye takardar na ce, "Yana da gaskiya." Ba zan ɓoye ba, na ji wani daɗi mai ɗaci: ga ni dattijo mai faɗin gaskiya ko da a kansa ne. Da wannan daɗin na zaro biro mai kyau. Aka mayar da Kunkuru motar ma'aikata, aka manna sanarwa a kowace tasha ta bayan tudu, da sunana a ƙasa.

Mako shida suka wuce. A cikinsu na ga Auta ta yi duhu, na ce mata ko wayar ce ke ƙona fuska. Na ga takalminta a bakin ƙofa da taɓo har samansa, ranar da ya kamata a ce ba ta fita ba, na ce ta daina barin ƙazanta a hanya. Ta yi tari na kwana goma, na sayo mata magani. Duk abin da ya kamata uba ya gani na gani. Haɗawa ce ban yi ba, ni da haɗa lambobi ne abincina.

A mako na goma sha ɗaya, da hantsi, Kunkuru ya shigo ofishina ba sallama. Ya ajiye wayarsa a kan littafin da nake karantawa.

"Dube ta."

Hoton takarda ce da aka manna a allon sanarwa.

"Mene ne wannan?"

"Waɗanda ba za su zauna jarrabawa ba. Mutum arba'in da ɗaya. Talatin da uku fasinjojina ne."

"Waɗanne fasinjoji? Kai da mutum uku kake kawowa."

"Uku nake saukewa, Baba."

Ya ja kujera ya zauna, abin da direba bai taɓa yi a ofishin nan ba sai an ce masa. Ya ce tun makon da aka fara ranakun gida motarsa ke cika tun zuwan farko. 'Yan bayan tudu ne, waɗanda sabis ba ya kai wa gidajensu, da waɗanda suke ɗaki ɗaya da ƙanne biyar da rediyon kaka. Kwaleji a kulle take, to ina za su? Mota tana da kujera, tana da inuwa, tana da soket a ƙarƙashin kowace kujera, waɗanda aka saka shekarar da aka sayo motocin don a ɗauki hoto. Da ta hau tudu sabis ya cika har ƙofar kwaleji. Sai su shiga da safe, kowa ya toshe kunnensa, su ja labule don rana ba ta bari a ga fuskar waya, su yi ta zagayawa har lacca ta ƙare.

"Aji ne da ni, Baba. Na fi wasu malaman yawan ɗalibai. Ko hon ba na yi. In na ji an fara kiran suna muna gab da gangarawa kwari, sai in tsaya gindin tankin ruwa, in buɗe bonet, in yi ta kallon inji kamar na san abin da ke ciki. Malamin sinadarai kafin ya kai sunan ƙarshe minti goma sha huɗu ne. Har na haddace. Ranar da wata yarinya ta yi barci ni na taɓa ta na ce, ke, saura mutum biyu a zo kanki."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"Doka ta shida. Wa ya rubuta ta?"

Na kalli biron da ke aljihuna. Ya ci gaba.

"Takardar gargaɗi uku nake da ita a fayil. Ta huɗu sallama ce. Ina da iyali."

"Kwana huɗun da na zauna a ƙofa fa?"

"Daga kwana nake hango hularka. Sai in ce musu, jama'a, Baba na nan, kowa ya gyara labulensa. Mu duk mun ɗauka direbobi kake farauta. Wa ya san kujeru kake ƙirgawa daga waje?" Ya ɗauki wayarsa, ya faɗaɗa hoton da yatsu biyu, ya sake turo mini. "Lamba ta goma sha bakwai. Kujera ta uku take zama, gefen taga, ɓangaren da kake. Da ka miƙa bironka da ka taɓa gilashinta."

Na karanta sunan. Ni na zaɓa mata shi, don haka ba sai na sa tabarau ba.

Ranar na tashi daga aiki da wuri, karo na farko a shekara talatin da ɗaya. Na tarar da ita tana shanya a tsakar gida. Ta kalli agogon hannunta, ta kalle ni.

"Lafiya, Baba? Ko an soke ka kai ma?"

"Na ga takardar."

"Wace ciki? Taka ko tawa?"

Ta ci gaba da shanya tana magana, ba ta ɗaga murya ba. Da aka soke motar, da ƙafa take hawa tudu, tafiyar minti hamsin. Gindin tankin ruwa ba wurin zama, ba inuwa sai bayan azahar. Kafin sha biyu cajin waya ya ƙare. Ranar da aka yi ruwa sai ta zaɓa, ko ta jiƙe ko wayar ta jiƙe. Masu babur kuma sun gano akwai 'yan mata a tsaye a wurin, sai su zo su yi ta zagaye suna ba da shawara. Laccar safe tana samu, ta yamma ce ke kuɓucewa. Kashi sittin da takwas ta samu.

"Saura bakwai," ta ce. "Kai da ka san lissafi."

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Na faɗa maka, Baba. Ka ba ni amsa mai kyau. Har rubuta ta na yi, don in koyi yadda ake magana."

Makullan suna aljihuna, ina jin nauyinsu a cinyata. Matattakalar sama taku goma sha biyu ce. Mai hankali da nan take ya hau. Ni kuwa sai na ce mata kada ta damu, zan rubuta takarda. Faɗa da kwaleji guda ya fi mini sauƙi a kan faɗa da ƙofa ɗaya.

Shafi shida na rubuta, kuma ban taɓa rubutu mai kyau kamarsa ba. Na amsa kuskurena, na bayyana yadda ya faru, na roƙi a bar yaran su zauna jarrabawa. Kwamitin ɗaukaka ƙara ya zauna bayan kwana takwas. Akwai Darakta, akwai Magatakarda, mace mai fayil a kowane hannu, akwai kuma Mai Majigi, wanda bai samu zuwa ba, sai aka haska shi a bango daga ofishinsa. Na ga ya dace da shi.

Magatakarda ta ɗaga takardar da na cike a gindin bishiya. "Wannan ƙirgar ta wace ce?"

"Tawa ce."

Ta ɗaga shafi shidan. "Wannan fa?"

"Tawa ce."

"To wace za mu gaskata, Malam? Kai na jiya ko kai na yau?"

"Na yau. Na jiya ƙafa ya ƙirga."

"Ban gane ba."

"Shi ma bai gane ba."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce in an karɓi ƙorafin, to kwaleji ta amince ke nan ɗalibai sun yi wata da watanni suna karya doka ta shida da sanin ma'aikacinta. Ta ce ƙa'idar halarta ba ta san tudu ko kwari ba. Ta ce an sanar da kowane ɗalibi tun farkon shekara cewa ya tanadi "yanayin karatu mai dacewa a gida", ta nuna mini layin da farcenta.

Daga bango Mai Majigi ya ce, "Wannan bayani ne mai ban sha'awa ƙwarai! Aji mai tafiya! Baba, in ba ka damu ba zan so in gabatar da shi a taron da za mu yi a—" Sai fuskarsa ta daskare, baki a buɗe, ido ɗaya a lumshe. Sabis ɗinsa ya ɗauke. Muka zauna mu uku muna kallonsa kusan minti biyu. Ba wanda ya rubuta masa rashin halarta.

Darakta ya yi gyaran murya ya ce, ai duka ɓangarorin suna da gaskiya.

Hukuncin ya fito washegari. Ɗalibai arba'in da ɗayan za su maimaita shekara. An kafa ƙaramin kwamiti ya duba yiwuwar dawo da layi na tara a zango mai zuwa. An dakatar da Kunkuru mako biyu bisa doka ta shida, da hujjar shafi na uku na takardata. Aka kawo mini in sa hannu, na ce birona ya ƙare. Darakta ya sa nasa. Wannan ce duk jarumtar da na yi a labarin nan, kuma ko kwana ɗaya ba ta rage wa Kunkuru ba.

Auta ta ji hukuncin tana yanka albasa, don haka ban san na mene ne hawayen ba.

"Na yi magana da Inna," ta ce. Ƙanwar uwarta ke nan, mai shagon magani a wani gari, tafiyar awa shida. "Tana neman wanda zai tsaya mata a kanta. Asabar zan tafi."

"Karatun fa? Shekara ɗaya ce kawai. Rajistar masu maimaitawa sai ƙarshen wata za a rufe."

"In sake shekara guda a gefen firji? Ko a gindin tanki, ina jiran ƙaramin kwamiti?" Ta share ido da bayan hannu. "Na gaji, Baba. Ba fushi nake ba. Da fushi ne da ya wuce."

Kwana huɗu ne tsakanin ranar da Asabar. Na yi su ina gyara mata zif ɗin jaka, ina rubuta mata sunayen garuruwan da motar za ta tsaya da lokacin kowanne.

Ran Asabar maƙwabcinmu ya kai ta tasha da kayanta ƙarfe takwas. Na ce su yi gaba, zan rufe gida in biyo su. Motar kamfani ce, ƙarfe tara a rubuce, amma duk garin an san ba ta taɓa tashi kafin tara da rabi ba. Da gidan ya yi shiru na tsaya a gindin matattakala. Sannan na hau.

Makullin ya juya ba gardama, kamar jiya aka rufe. Ban san me na zata zan tarar ba. Ƙamshinta, wataƙila. Abin da na tarar warin rima ne da kashin ɓera. Asu ya cinye yadin da ta yanka, ya bar shi kamar raga. Gizo-gizo ya ɗinke keken ɗinkin da nasa zaren. Tabaran na nan a bakin taga, ƙura ta makantar da shi. Shekara huɗu ina gadin wannan. Ba ta ciki. Ba ta taɓa zama ciki ba tun ranar da na kulle, ɓeraye ne kawai na kama wa ɗaki.

Sai aljihuna ya fara rawa. Saƙonni ne ke shigowa a jere, tun na daren jiya, waɗanda suka maƙale a hanya. Na ciro wayar. Sanda huɗu, cif. Ga tebur a bakin taga, ga kujera, ga soket a bango kusa da keke, inda take saka dutsen guga. Na sa hannun rigata na share teburin. Ban san don me ba, na ma gyara wa kujerar zama.

Na isa tasha tara saura minti biyu, ina haki. A lissafina ina da rabin awa. Tana zaune gefen taga. Na ɗaga mata hannu, ta zuge gilashi.

"Baba Jadawali!"

Direban ne, ya leƙo daga gaba, baki har kunne. Na gane shi. Ya yi mana aiki shekaru goma da suka wuce, kuma ni na cire masa ɗabi'ar makara da takardun gargaɗi.

"Ranka ya daɗe, ashe da rabon ka ga aikin ɗalibinka!" Ya nuna mini agogonsa, ya juya ya daka wa masu lodi tsawa. "Kai, a rufe but! Yau ba wasa, mai lokaci da kansa ne a tsaye!"

Inji ya tashi. Auta tana kallona, tana jira. Rana tana dukan fuskarta, ta riƙe bakin labule amma ba ta ja ba. Na sa hannu a aljihu na damƙe makullin. Ni da na rubuta shafi shida, ni da ban taɓa rasa jimla ba a ɗakin taro.

"Kin ɗauki cajarki?" na ce.

"Na ɗauka, Baba."

Ƙarfe tara daidai motar ta fita daga tasha. Na duba agogona, don hannu ya saba. Ko daƙiƙa ɗaya bai ƙara ba.

An rufe rajistar masu maimaitawa a ƙarshen watan. Sau uku na ɗauki waya kafin ranar, sau uku na tambaye ta yadda yanayin garin yake. Ƙaramin kwamitin ya dawo da layi na tara a zangon da ya biyo, da sabon suna da sitika a jikin motar, aka kuma ba Mai Majigi takardar yabo. Ni na ajiye aiki a ƙarshen shekarar. Sun ba ni agogon bango.

Yanzu duk Juma'a da yamma Auta tana kirana. Ta iya aikin shagon, Inna tana yabonta, tana maganar buɗe reshe. Tana tambayata ko ina shan maganin hawan jini, in ce ina sha. In lokacin kiran ya kusa sai in hau sama in zauna a kujerar bakin taga. Rannan ta ce, "Baba, muryarka tana fita tar kwanan nan. An gyara muku sabis ne?"

"An gyara," na ce.

Ba zan iya faɗa mata yanzu ba. In na faɗa, na gaya mata ke nan cewa shekara huɗun karatunta juyin makulli ɗaya suka rasa. Lokacin faɗar minti biyu ne, a tasha, tana riƙe da labule, kuma kalmomin ba su da wuya, ko ɗan koyo zai iya haɗa su:

Sauko, Auta. Na buɗe ɗakin.